Lissafin Rumbu: Ko Rashin Dogara ga Allah Ne?



Idan ka tsaya a bakin kasuwar Gidan Rumji a watan Nuwamba, za ka ga amalanke bayan amalanke suna shigowa daga ƙauyuka da buhunan hatsi da wake. Fuskoki a sake suke, ana ciniki ana dariya, masu tsire da masu tufafi suna samun kasuwa. To, ka koma wannan wuri a watan Yuli. Za ka tarar da waɗannan mutane ɗin dai, amma yanzu kowa da 'yar jakarsa a hannu, yana neman tiya biyu ko uku, yana sayen abin da ya sayar da araha da kuɗi mai tsada. Waɗansu ma ba kuɗi a hannunsu, bashi suka zo nema. Hatsin bai yi nisa ba. Yana nan cikin ɗakin ajiyar ɗan kasuwa, sai dai ba naka ba ne kuma.

Ba domin in zarge ka nake faɗin wannan ba. Gonaki sun ƙanƙance, ƙasa ta gaji, ruwan sama ba shi da tabbas. Akwai shekarar da ko ka iya lissafi kamar malamin makaranta, abin da gona ta bayar ba zai kai ba. Amma ina so in yi maka tambaya ɗaya. Ran da ka ɗaure dami na ƙarshe ka jefa a rumbu, ka san kwana nawa abin da ke ciki zai ciyar da gidanka?

Da yawa cikinmu za su ce, "Allah ne ya sani." Gaskiya ne, Allah ya sani. Amma ya hana ka sani ne?

ABIN DA KE HANA MU ƘIDAYA

Akwai maganganu uku da akan ji sa'ad da aka ce wa mutum ya yi lissafin abin hannunsa.

Na fari yakan ce, "Mai bi ba ya damuwa da gobe. Wanda yake ciyar da tsuntsaye ba zai bar ni ba." Lalle Ubangiji Yesu ya hana mu damuwa. Amma damuwa dabam, shiri dabam. Damuwa ita ce ta hana ka barci da dare, ba ta ƙara ko tsaba ɗaya a rumbu. Shiri kuwa shi ne ka zauna da rana, ka duba abin da Allah ya riga ya ba ka, ka raba shi bisa ga kwanakin da ke gabanka. Shi Ubangijin da ya hana damuwa, shi ne kuma ya ba da misalin mai son gina bene, a cikin Luka sura 14, wanda sai ya fara zama ya ƙidaya abin da zai kashe, don kada ya sa harsashi ya kāsa gamawa, mutane su yi masa dariya. Ka tuna kuma da Yusufu a ƙasar Masar. Allah ya nuna masa yunwa tana zuwa, shi kuwa bai naɗe hannu ba. Ya sa aka tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona dukan shekara bakwai na ƙoshi. Bangaskiyarsa ce ta sa ya gina rumbuna, ta haka kuwa mahaifinsa da 'yan'uwansa suka tsira.

Na biyu yakan ce, "Ƙidaya tana cire albarka." Ɗan'uwana, wannan camfi ne. Sa'ad da Ubangiji ya ciyar da mutum dubu biyar, an san yawan gurasar tun farko, an kuma tattara ragowar aka ƙidaya kwanduna goma sha biyu. Ƙidayar ba ta rage albarkar ba, ita ce ma ta sa muka san girmanta. Mutumin da bai san abin da ya samu ba, da me zai yi godiya?

Na uku yakan ce, "Lissafi halin marowaci ne." Wannan magana tana da nauyi, gama ba wanda yake so a kira shi marowaci a cikin dangi. Za mu komo kanta a gaba. Amma tun yanzu ka lura da wannan: mutumin da ya yi ta kyauta da kaka ba lissafi, ba daga aljihunsa kyautar ta fito ba. Daga tukunyar matarsa ta watan Agusta ta fito, daga kwanon ɗan ƙaramin yaronsa. Shi ya sha yabo, su suka biya.

KAKANNINMU SUN YI LISSAFI

Kada ka ce wannan koyarwar Turawa ce. Kakanninmu a ƙasar Gobir da Katsinar Maradi ba su da littafi da alƙalami, amma suna da tsari. Akwai gandu, akwai gamana. Bayan girbi mai gida yakan rufe rumbun gandu, ba mai taɓa shi sai damina ta faɗi, sa'ad da kowa yake bukatar ƙarfin riƙe hauya. Da rani ana cin abin da ya fito daga gamana da abin da sana'a ta kawo. Wanda Allah ya buɗa masa kuma yana da rumbun tsimi saboda muguwar shekara. Ashe rumbun da aka rufe shi ne littafin lissafinsu.

A zamanin iyayenmu kuma, gyaɗa ce take kawo kuɗi. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, ƙasar Maradi kuwa tana cikin manyan masu nomanta. Manomi yakan sayar da gyaɗa ya biya haraji, ya yi tufafi, ya yi aure, hatsi kuwa yana rumbu. Sai farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, cinikin ya karye. Tun daga lokacin, a gidaje da yawa hatsi ya shiga aiki biyu: shi ne abinci, shi ne kuɗi. Ga shi kuma bukatun kuɗi sun ƙaru: makaranta, magani, takin zamani, man babur, katin waya. Rumbu ɗaya, ƙofofi goma. In kakanka ya bukaci tsari sa'ad da ƙofa ɗaya ce, balle kai.

YADDA ZA KA YI LISSAFIN RUMBU

Abin ba wuya. Ka bi shi daki-daki.

Da fari, ka san abin da gidanka yake ci. Ka tambayi uwargida tiya nawa take dakawa a yini, gama ita ta sani, ba kai ba. Ma'aikatan gona sukan lissafa cewa mutum ɗaya yana bukatar fiye da buhu biyu na hatsi a shekara, buhu kuwa wajen tiya 40 ne. Gida mai mutum takwas, manya da yara, zai ci wajen tiya biyu kowace rana.

Na biyu, ka san abin da daminka yake bayarwa. Dami ya bambanta daga gona zuwa gona. Ka ɗauki matsakaici guda ɗaya, a sussuke, a sheƙe, a auna.

Bari mu ɗauki misali. A ce gidanka yana cin tiya biyu a yini, daminka kuwa ya ba da tiya shida. Ke nan dami ɗaya abincin kwana uku ne. A ce ka sami dami 90. Ka fid da tara na Ubangiji da na mabukata, ka ware uku na iri, gama wata shekara sai an yi shuka sau biyu. Saura 78. Dami 78 sau uku, kwana 234 ke nan. In kun fara ci ran 1 ga Oktoba, rumbu zai ƙare wajen 22 ga Mayu. Daga nan zuwa ƙarshen Satumba akwai kwana 131, fiye da wata huɗu, su ne kuwa watannin noma, watannin zazzaɓin cizon sauro, watannin da hatsi ya fi tsada. Abincin waɗannan kwanaki ya kai buhu shida da rabi.

Yanzu a ce a watan Disamba ka kai dami goma kasuwa saboda kayan Kirsimati da bikin ɗan ƙanenka. Rumbu ba zai kai Mayu ba, zai ƙare a Afrilu. Duk damin da ka ɗora wa jaki zuwa kasuwa, kwana uku ka sayar na abincin 'ya'yanka. Mai yiwuwa ne dole ka sayar. Amma ka sayar da ido a buɗe.

Za ka ce, "Wannan lissafi sai ya tayar mini da hankali." I, zai tayar. Amma gara hankalinka ya tashi a Oktoba da ya tashi a Yuni. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san gibinsa tun da kaka yana da wata bakwai na neman abin cike shi. Kuɗin cin rani na fari da ya shigo, sai ya sayi hatsi tun yana da araha. Ya ɗaure rago a turke. In yana kusa da fadamar Gulbi, ya kama lambu. Wakensa kuma, maimakon ya zubar da shi a kasuwar kaka don tsoron ƙwari, ya zuba shi cikin buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa a Nijar tun 2007, ya ɗaure da kyau, ya jira kuɗinsa ya tashi. Gaba da kome, ya ware abincin damina a rumbu dabam, ya rufe, kamar yadda kakansa ya yi.

LISSAFIN ALJIHU

Rumbu yana da ƙofa, ana ganin abin da ya fita. Aljihu kuwa yoyo yake yi a ɓoye. Ka tambayi mutum ina jika goman da ya samu makon jiya, sai ya ce, "Wallahi ban ga abin da na yi da ita ba." Bai yi ƙarya ba, bai gani ba ɗin.

Ka gwada wannan wata ɗaya kawai. Ka sayi ɗan littafin makaranta. Kowane dare, kafin addu'ar iyali, ka rubuta abin da ya shigo a hannun dama, abin da ya fita a hannun hagu, kome ƙanƙantarsa: shayi, goro, tsire, katin waya, cajin waya, kuɗin mota. In ba ka iya rubutu ba, ɗanka ɗan makaranta ya rubuta, zai kuwa koyi abin da ba a koya masa a aji ba. In ba ɗan makaranta a gidan, ka sami gwangwani huɗu ko biyar, kowane da sha'aninsa, ka riƙa jefa tsakuwa ɗaya a madadin kowace dala ashirin da ka kashe. Ƙarshen wata ka zazzage ka ƙidaya.

Abin da za ka gani zai ba ka mamaki. Dala 40 a yini, wato sefa 200, ba ta zama kome a ido ba. Amma a shekara jika 73 ce, ta wuce kuɗin buhu biyu na hatsi da kaka. Ban ce shan shayi zunubi ne ba. Ina cewa ka san abin da kake musanyawa da shi.

Bayan wata ɗaya, ka zauna ka jera manyan bukatun shekara waɗanda ka san suna zuwa: haraji, kayan makaranta a Oktoba, taki da ƙwadago a Yuni, gyaran ɗaki, Kirsimati, auren da aka riga aka sa rana. Waɗannan ba tsautsayi ba ne, sun yi sallama tun daga nesa. Sa'an nan ka ware wani abu saboda wanda ba ya sallama, wato ciwo. Ko akuya ɗaya ce, a san ta magani ce, ba ta biki ba.

Kada kuma ka sa cikin lissafinka kuɗin da bai iso hannunka ba. Ɗanka da ya tafi Kano ko Legas ko Agadas ya yi alkawari, amma ba shi yake riƙe da hanya ba. An rufe iyakar Nijeriya a 1984, shekarar yunwar da mutane suka sa wa suna El Buhari. An sāke rufe ta a 2019, aka kuma rufe a 2023. Darajar naira tana hawa tana sauka. Ko sefa ma an rage darajarta da rabi dare ɗaya a Janairun 1994. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

BASHI

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne. Amma akwai bashin da ke taimako, akwai wanda ke cin gona tun ba a shuka ba. Ka san shi: ka karɓi buhu ɗaya ko 'yan kuɗi a tsakiyar damina, ka biya da hatsi da kaka bisa ga farashin kaka, sai ka ga buhu ɗaya ya haifi biyu. Rumbun baɗi ya ragu tun kafin a gina shi, ka kuwa komo wurin mai bashi da wuri fiye da bara. Ga kuma barema: ka bar gonarka cikin ciyawa ka tafi noman gonar wani don tiyar yau.

Manya sun tuna da 2005. Bayan ƙarancin ruwa da fāri na 2004, buhun hatsin da aka sayar wajen jika goma da kaka ya kusa jika 30 a waɗansu kasuwanni a tsakiyar damina. Jihar Maradi, wadda ake kira rumbun Nijar, tana cikin wuraren da yara suka fi shan wuya. Hatsi kuwa yana nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Lissafi ba zai hana fari ko fāri ba, ba kuwa laifin talaka ba ne farashi ya ninka. Amma wannan shekara ta koya mana abu guda: in kai ba ka ƙidaya rumbunka ba, akwai wanda ya ƙidaya shi, ya san watan da zai ƙare, yana jiranka.

KA KOYA DAGA WURIN MATA

A nan jiharmu ta Maradi, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara aiki da mata a kan abin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashi ne da muka sani. Mata wajen ashirin ko talatin sukan taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a kai, ko da kaɗan ne. Ana ajiye kuɗin cikin akwatin ƙarfe mai kwāɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam. Ana ba 'yan ƙungiya rance, su biya da ɗan ƙari, bayan wajen shekara a raba duka. Yawancinsu ba su yi makaranta ba, amma ana ƙidaya kuɗin a gaban kowa, kowace ta riƙe a ka. Wannan dubara da ta tashi daga ƙauyukanmu ta bazu ƙasashe da yawa na Afirka har da Asiya. Saboda haka kada ka ce rashin boko ko ƙarancin samu ne ya hana ka. Matarka ko ƙanwarka ta riga ta nuna yana yiwuwa.

Akwai kuma jinginar hatsi, wadda ma'aikata suke kira warantaji, da hukumar FAO ta taimaka aka fara a Nijar wajen 1999. Ƙungiyar manoma takan tara hatsi a ɗakin ajiya mai kwāɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunsu, ɗaya a hannun mai ba da rance. Su karɓi rance su yi sana'ar rani, su biya, a buɗe musu hatsinsu da bazara sa'ad da ya yi daraja. In akwai irin wannan kusa da ku, ku bincika sharuɗansa da kyau kafin ku shiga.

Ka lura da abin da ya haɗa waɗannan biyu: mabuɗi ba ya hannun mutum ɗaya. Mutum shi kaɗai ba ya iya tsare kansa daga kansa. Haka yake a gida. Miji da yake ɓoye wa matarsa abin da ya samu, da matar da take ɓoye wa mijinta bashin da ta ci don biki, rumbu ɗaya suke hudawa ta gefe biyu. Mai gida, ka zauna da uwargida ku yi lissafin tare. Ba zai rage maka girma ba. Ke kuma uwargida, ki faɗi gaskiyar abin da tukunya take ci, da abin da biki yake ci.

INDA HATSARI YAKE

Yanzu mu komo ga maganar rowa, gama ba banza aka yi ta ba. Akwai mutumin da lissafi ya zama masa gunki. Ubangiji ya ba da labarin wani mai arziki a cikin Luka sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka, ya rushe rumbunansa ya gina manya, ya ce wa ransa ya huta. A daren nan aka karɓi ransa. Laifinsa ba ƙidaya ba ne, gama Yusufu ma ya ƙidaya. Laifinsa shi ne, cikin dukan lissafinsa ba Allah, ba maƙwabci, sai shi kaɗai. Yusufu ya tara domin a buɗe, shi kuwa ya tara domin a rufe.

Saboda haka ga ma'aunin da za ka gwada lissafinka da shi: akwai rabon wani a ciki? Shi ya sa a misalinmu muka fara fid da na Ubangiji da na mabukata kafin mu ƙidaya namu. Manzo Bulus ma ya shawarci ikilisiyar Koranti kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don taimakon 'yan'uwa matalauta. Kyautar da aka shirya ta fi kyautar kunya. Da kaka kowa mai kyauta ne. Amma gwauruwar da ke maƙwabtaka da kai, ko Kirista ce ko Musulma, ba a Nuwamba take bukatarka ba, a Agusta ne. Wanda zai iya miƙa mata tiya a wannan wata shi ne wanda ya yi lissafi tun Oktoba.

Game da biki kuwa, zumunci abu ne mai kyau, kada ka yanke shi. Amma ka sa masa iyaka tun kafin a kawo maka goron gayyata. Ka ba da abin da ka iya da fuska a sake. Wanda ya yi fushi don ba ka ci bashi saboda shi ba, ba zai zo ya biya maka ba.

ABIN DA ZA KA YI A WANNAN MAKO

1. Ka ƙidaya dammunan da ke rumbu, ka auna ɗaya, ka san ranar da za su ƙare.
2. Ka ware iri da abincin damina, ka rufe.
3. Ka fara rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowane dare.
4. Ka jera dukan bashin da ake binka, ka faɗa wa matarka, ku shirya wanda za a fara biya.
5. Ka ware rabon Ubangiji da na mabukata tun da fari.

In ka yi lissafin ka ga ba zai kai ba ko ta yaya, kada ka ɓoye don kunya. Ka faɗa wa dattawan ikilisiya tun da sauran lokaci. Ikilisiyar da ta san gidaje nawa ne za su rasa a damina tana iya tara rumbun tsimi tun da kaka, kowa ya kawo dami ɗaya.

Ɗan'uwana, gonar ta Allah ce, ruwan nasa ne, ƙarfin da ka yi noma da shi ma nasa ne. Kai wakili ne, abin da ake nema ga wakili kuwa shi ne aminci. Ka dogara ga Allah saboda abin da ba ya hannunka, ka kuma yi lissafin abin da ya riga ya sa a hannunka. Allah ya ba ka hikima, ya sa albarka a rumbunka, ya kai ku sabon hatsi lafiya. Amin.